Mai Jan Jirgi a Ajin Turanci

Kakanmu Ran Dekui bai taɓa tafiya a miƙe ba. Kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu sauka, kuma kullum a karkace yake zuwa gaba, ko da kwanon shinkafa kawai ya ɗauko daga kicin. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana jan jiragen gishiri da na gawayi a kogin Wu. Mutum ashirin ne a igiya ɗaya ta kitsattsen gora, kowa da majanyinsa a kafaɗa da takalmin ciyawa a ƙafa. In ruwa ya yi ƙarfi sai su sauka a kan tafin hannu, su riƙa kama duwatsu suna rarrafe, mai kira yana ba su murya suna amsawa. Dokarsu guda ce: in an ɗaga kira, ba mai sakin igiya sai mai kira ya ce a saki. Wanda ya saki kafin nan, duka zai sha, kuma ba jirgin da zai ƙara ɗaukarsa, domin sakinsa na iya jefa mutum goma sha tara cikin ruwa.

Yana ɗan shekara goma sha biyar ya shiga igiya, shekarar da kogi ya ci mahaifinsu. Ƙanensa yana da bakwai a lokacin. Uwarsu ta ce ɗaya ya ja, ɗaya ya yi karatu, ba ta kuwa tsaya tambayar wanda ke son me ba. Ƙanen ya yi karatun har birni, ya dawo da tabarau da Turanci da sabon suna. Ya ce sunan gida warin kifi yake, daga yanzu shi ne Wenbin. Aka ba shi aikin koyar da Turanci a makarantar sakandaren gari, kowa na ce masa Malam Ran. In aka ce Ran kawai a bakin kogi, to yayan ake nufi.

A shekarar 1984 aikin igiya yana ta mutuwa. An fasa manyan duwatsun kogi da nakiya, jirage sun sami inji. Wannan bai hana Dekui barci ba. Abin da ya dame shi Shulan ce, babbar 'yarsa. Ta zauna jarrabawar shiga makarantar horon malamai, wadda duk wanda ya ci ya bar gona ke nan, ya koma cin shinkafar gwamnati. Lissafi ta ci, rubutu ta ci, Turanci ya kayar da ita, domin makarantar ƙauyensu ba ta taɓa ganin malamin Turanci ba. Ba a ɗaukar wanda ya wuce shekara goma sha takwas, ita kuwa saura mata zama ɗaya. Hanya guda ce: ta sami wuri a ajin masu maimaitawa da ke hannun baffanta.

"Ka je wurin ƙanenka," in ji Fengying matarsa. "Ko sai na ɗaura maka majanyi na ja ka?"

"Mutum ne mai aiki da yawa."

"Aikin nasa a kafaɗar wa ya tsiro? Tashi, ga kifi na ɗaure maka."

Ya tarar da Wenbin a ɗakinsa na makaranta, yana gyara takardun yara.

"Yaya! Shigo mana. A'a, ba nan ba, takardu ne. Kifin ka rataye shi a waje, ɗakin ƙarami ne."

Dekui ya rataye kifin, ya dawo ya zauna a bakin kujera, ya faɗi abin da ya kawo shi cikin jimla biyu.

"Ajin ya cika, Yaya. Mutum sittin da biyu a ɗakin mutum arba'in. 'Yar likita ma a kan bulo take zama." Wenbin ya cire tabarau ya goge, ya tsaya yana kallon kafaɗar yayansa kamar yau ya fara ganinta. "Amma akwai abin da za ka yi mini. Ranar goma ga wata ina da darasin baƙi."

Dekui ya san darasin baƙi, kowa ya sani. Sau ɗaya a shekara manyan ofishin ilimi na gunduma sukan zo su jeru a bayan aji da kofunan shayinsu, malamin da ya burge su a ɗaga shi, wanda bai burge ba ya tsufa a inda yake.

"Akwai wata kalma ta Turawa," in ji Wenbin, "'yar guntuwa, haruffa huɗu. Asalinta ja take nufi. To amma Bature da ita yake tuɓe riga, da ita yake cire haƙori, da ita yake yamutsa fuska, da ita yake tara jama'a. Yaran nan sun haddace ta kamar aku, ranar jarrabawa sai su rikice. So nake su gani da idonsu."

"Ni me na sani a Turanci?"

"Ba bakinka nake so ba, Yaya. Kafaɗarka nake so. Ka zo da igiya. In darasin ya yi kyau, shugaban makaranta ba zai iya hana ni kujera ɗaya ba." Ya mayar da tabarau. "Sai dai a aji kada ka ce mini ƙane, ni ma ba zan ce maka Yaya ba. Manya ba sa son a cusa dangi cikin aikin gwamnati."

Dekui ya ce ba komai. A hanyar gida har ya ji wani daɗi-daɗi. Shekara talatin da ɗaya ba wanda ya taɓa cewa yana so ya ga yadda ake ja.

Ranar goma ya sa shuɗiyar rigarsa ta bikin sabuwar shekara. Wenbin ya tare shi a ƙofar makaranta, ya dube shi sama da ƙasa.

"Wa ya ce ka yi ado? Angwanci za ka? Ina tsumman aikinka?"

Tsumman yana cikin kwando, an naɗe igiya da shi. Dekui ya shiga bayan ɗakin dafa ruwa ya canza. Ya tsaya a bakin aji yana jin muryar ƙanensa tana tashi da faɗuwa cikin wani yare, yara sittin suna amsawa baki ɗaya. Can ya ji an ce da yaren gida:

"Kai, tsoho! Shigo."

Ya waiga ya ga ko da wani tsoho a bayansa. Sannan ya shiga.

Manyan su bakwai ne a baya, na tsakiyarsu mai ƙaton agogo a hannu. Wenbin ya rubuta kalmar a allo, ya faɗe ta da leɓe a tsuke kamar mai hura wuta, yara suka maimaita. Ya nuna kujera, Dekui ya jawo ta. Wenbin ya faɗi jimla da Turanci, yara suka amsa. Ya nuna ƙofa, Dekui ya jawo ta ya rufe. Jimla. Har nan abin da sauƙi. Sai Wenbin ya kama wuyan tsumman ya fizge shi ta kai, ya bar yayansa tsirara daga cibiya zuwa sama, ya juya shi da rula don na baya su gani. Kantar kafaɗarsa ta kai faɗin tafin hannu, baƙa ce kuma a tashe.

"Doronsa!" in ji wani a layi na uku. Aji ya fashe.

"Da Turanci!" in ji Wenbin, yana buga rula a tebur. "Wanda zai yi dariya ya yi ta da Turanci."

Manya suka yi murmushi, mai agogo ya rubuta wani abu. Wenbin ya miƙa hannu ya kama kunnen Dekui ya ja, ya ja har sai da kan ya sunkuyo. Jimla. Fuskar tsohon ta yamutse don zafi, Wenbin ya yi sauri ya nuna ta da rula, ga wata ma'anar ta zo a ɓagas. Jimla. Dekui ya tuna lokacin da yake goya wannan yaro yana tsallakar da shi rafi zuwa makaranta, yaron yana riƙe da waɗannan kunnuwan don kada ya faɗi. Ya kafe idonsa a kan kujerar da ke kusa da tsintsiya a can baya, ya ce a ransa ko wannan aka ba Shulan ta isa.

Daga nan aka ture tebura, aka warware igiya. Yara maza goma sha biyu suka kama bakinta ɗaya. Dekui ya ɗaura majanyi, ya juya musu baya. Sai Wenbin ya buɗe baki ya ɗaga kira, kiran gaske, na jirgin mahaifinsu, wanda ya koya yana zaune a bakin kogi yana jiran yayansa.

"Hei-zo! Hei-zo!"

Dekui bai yi shawara da kowa ba, jikinsa ne ya amsa. Ya sauka a kan hannuwa, yatsun ƙafa suka kama siminti, ya ba da dukan nauyinsa. Yaran suka turje, ya jawo su. Suka ƙara turjewa suna ihu, ya jawo su taku ɗaya, taku biyu, taku uku, mutum ɗaya mai shekara arba'in da shida. Ya ji ajin ya yi tsit, ya ji wani daga cikin manyan ya ce kai. A wannan ɗan lokacin ya manta kunne, ya manta tsumma. Ku gani, ya ce a ransa, haka ake yi.

Bai ga Wenbin ya ɗaga rula ba. Hannuwa ashirin da huɗu suka saki a tare.

Ya tafi gaba kamar an harba shi, bakinsa ya daki gefen dandamalin dutse da malami ke tsayawa. Da ya ɗago, jini ya cika masa baki, haƙorinsa na gaba yana ƙasa kusa da takalmin ƙanensa. Wenbin ya ɗan tsaya, fuskarsa ta yi fari. Sannan ya ciro hankici, ya ɗauki haƙorin, ya ɗaga shi sama, ya juya ya rubuta jimla a allo. Yara suka amsa da muryar da ta fi ta kowane lokaci. Manya suka ajiye kofuna suka tafa.

A bakin famfo matar da ke dafa wa makaranta ruwan zafi ta ba shi gishiri ya kurkure baki.

"Ai kai ka fi buhun tashi sama," ta ce. "Kwana biyar suna gwadawa da buhun ƙaiƙayi, Malam ya ɗaga rula su saki, ya ɗaga su saki. Na ce wane bawan Allah za a yi wa haka? Nawa ya ba ka?"

Dekui ya tofar da ruwan.

Ya jira har manya suka shiga mota, sannan ya sami ƙanensa a ɗaki.

"Wenbin, a igiya wanda ya saki kafin kira me ake yi masa?"

"Nan ba kogi ba ne, Yaya. Da na gaya maka da ka tauye jiki, da ba wanda ya tafa. Haƙorin kam ban so ba, wallahi. Ka ga yadda mai agogon nan ya miƙe?"

"Kujerar Shulan fa?"

"Tana nan tafe. Sai dai sun ce a kai darasin makarantu huɗu na gunduma, kamar yadda aka yi yau, ba ragi. In ka ƙi, da wane baki zan roƙi shugaba?"

A gida ya ce santsi ne ya kwashe shi a bakin kogi. Fengying ta dubi bakin, ta dubi kwandon igiya, ta ce tun yaushe santsi ya fara jan kunne.

Makarantu huɗun sun ci wata biyar. Abin da ya fi ba shi wuya ba faɗuwar ba ce, sanin ta ne. A makaranta ta farko ya ja da rabin ƙarfi, da aka saki sai ya dafe ƙasa lafiya lau. Ba wanda ya yi dariya. A jirgin dawowa Wenbin ya ce, "Wannan ba ya cikin lissafi. Ka kunyata ni. Za mu koma." Suka koma. Dekui ya koya wa kansa ya rufe ido in an ɗaga kira, ya ce wa jikinsa jirgin gishiri ne a baya da mutane a ciki, ya ja da gaskiya. Jikin kuwa ya yarda kowane karo. Gwiwarsa ta fashe a wata makaranta, girarsa ta tsage a wata. Haƙorin yana cikin kwalin ashana a aljihun Wenbin, a fito da shi in lokacinsa ya yi. Labari ya biyo kogi har ƙauye. In Dekui ya sauko ɗiban ruwa, yara sukan tsuke baki su jefa masa kalmar Turancin, su gudu suna faɗuwa da gangan.

Saura wata uku jarrabawa aka ba Shulan kujera, a layin ƙarshe. A bangon ajin akwai babbar takarda da aka zana mutum a kan hannu da ƙafa, igiya a kafaɗa, ma'anonin kalmar goma sha ɗaya sun kewaye shi. Mai zanen ya iya aikinsa, har giɓin ya sa. Shulan ta zauna a ƙarƙashin wannan takarda wata uku. In ta zo gida ranar hutu ba ta tayar da maganar takardar, shi ma bai tambaya ba. Ta rame, idanunta suka faɗa, tana haddace jimloli tana yankan ciyawar alade. Da sakamako ya fito, ita ce ta huɗu a gunduma, mutum huɗu kuwa ake ɗauka.

Saura abu ɗaya. Takardar shaidarta sai an buga mata hatimi a ofishin ilimi kafin a aika makarantar horon malamai, kuma hatimin yana hannun mai agogo.

Dekui ya yanka aladensu don walimar gode wa malamai, kamar yadda ake yi. Aka jera tebura shida a tsakar gida da rana tsaka. Ya gayyato abokan igiyarsa, tsofaffi biyar, da Peng mai kira a gabansu. Wenbin, wanda aka riga aka ɗaga zuwa babbar makarantar gunduma, ya iso da shugaban makaranta da malamai uku da mai agogo da matarsa. Aka zaunar da su a teburin sama. Dekui ya fito da kwanon nama, mai agogo ya ɗaga kai, ya nuna shi da tsinken cin abinci.

"Kai! Tsohon igiya! Me kake yi a nan?"

"Gidansa ne, ranka ya daɗe," in ji shugaban makaranta. "Shi ne uban yarinyar."

"To, Malam Ran, ashe da yayanka ka yi?" Mai agogo ya buga tebur yana dariya. "Ka ji malami! Bai bar ko ɗan'uwansa ba saboda ilimi. A cika masa kofi!"

Aka cika. Shulan ta zagaya da butar giyar shinkafa, ta zuba wa baffanta da hannu biyu, ta rusuna. Aka ci, aka sha, fuskoki suka yi ja. Can mai agogo ya dafa kafaɗar matarsa.

"Wata tara ina ba ta labari ba ta yarda ba. Ta ce mutum ba ya tashi sama kamar kwaɗo. Tsoho, ɗauko igiyarka ta gani."

"Igiyar ta ruɓe, ranka ya daɗe."

"Ga wata can a rataye, ko idona ne?"

A bakin murhu Fengying ta buga ludayi a tukunya da ƙarfi. Mai agogo ya ajiye tsinkensa a hankali, dariyar ta bar fuskarsa, ya tambayi shugaban makaranta, kamar mai hira, wane yaro ne ya zo na biyar, kuma ɗan wa ne.

Shulan tana tsaye bayan ubanta da butar. Ta sunkuyo kamar za ta zuba masa, ta ce ƙasa-ƙasa:

"Baba, sau ɗaya ne. Ƙasar tsakar gida ba ta kai dutse tauri ba."

Ya juyo ya dube ta. Karo na farko ke nan da ta yi maganar abin a gabansa. Giya tana ɗiga a ƙafarta, amma ba ta janye maganar ba.

Ya tashi ya sauko da igiyar.

"Ga ma ƙwararru nan," in ji mai agogo, ya nuna teburin tsofaffi. "Ku kama masa."

Peng ya share baki da bayan hannu, ya miƙe.

"Mu ba mu iya saki ba, ranka ya daɗe. Ba a koya mana ba." Ya dubi Dekui. "Ran, naman ya yi daɗi."

Su biyar ɗin suka fita a jere, suka bar kwanoninsu da rabin abinci. Malamai uku da shugaban makaranta da direban mota ne suka kama igiyar, suna tuntuɓe suna ƙyalƙyatawa. Dekui ya ce wa Fengying ta janye benci daga hanya, ta ƙi motsi, ya janye da kansa. Ya tuɓe shuɗiyar rigarsa, ya ninke ta, ya ajiye. Wenbin ya gyara murya, ya ɗaga kira. Dekui ya rufe ido ya ja, ya jawo mutum biyar har tsakiyar gida, aka saki, ya tafi ya daki ƙafar tebur, miya ta zubo masa a baya. Matar mai agogo ta yi dariya har da riƙe ciki.

Ranar Talata aka buga hatimin.

Kakanmu ya ƙara shekara tara a duniya, yana noman dankali, bai sake taɓa igiya ba. Goggo Shulan ta koyar da Turanci shekara talatin da huɗu. Ita ce ta ba da wannan labari da bakinta bayan ta ajiye aiki, ba ta rage nata a ciki ba, ko da aka ce mata ta bari hakanan. Ta ce ranar walimar, da ya tashi, ta kawo masa tsumma ya goge miyar. Yana gogewa ya matso kusa da ita, leɓensa a fashe, ya tambaye ta a hankali ko sun yi dariya yadda ake so.

Ta ce masa sun yi.